Dostoyevski da Gaggawar Yanke wa Mutum Hukunci

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban wannan zama, iyayena malamai da ke nan gaba, 'yan'uwa maza da mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya, kuna ji na? To madalla.

An nemi in yi magana a kan marubucin nan na ƙasar Rasha, Fiyodo Dostoyevski, da abin da ya hango game da rayuwa da wahala da gaskiya da halin ɗan Adam. Da yawanku kun taɓa cin karo da sunansa ko da ba ku buɗe littafinsa ba, don kullum ana yawo da guntayen maganganunsa a Facebook da WhatsApp, a ɗora su a kan hoton wani mai gemu da ya haɗa hannaye a gwiwa ya zura wa ƙasa ido. Illar guntayen nan ita ce, mutumin ƙagaggun labarai yake rubutawa. Yakan sa magana a bakin mashayi, ya sa a bakin mai kisan kai, ya sa a bakin waliyyi, ya bar su suna ta jayayya. Wanda ya tsinto jimla daga bakin mashayin ya rubuta "in ji Dostoyevski" bai yi masa adalci ba. Saboda haka yau mutumin za mu bi, da littattafan, kuma zan riƙa kiran sunayensu da ma'anarsu a Hausa. Abin da nake so mu lura da shi guda ne: wannan bawan Allah bai taɓa amincewa da hukuncin da ke rufe littafin mutum tun yana raye ba, ko kotu ce ta yanke shi, ko masana, ko shi mutumin ne ya yanke wa kansa.

An haife shi a Mosko a 1821, a harabar wani asibitin talakawa inda mahaifinsa ke aikin likita. Mahaifiyarsa ta rasu a 1837 da tarin fuka, mahaifin ya bi ta a 1839. An kai shi makarantar injiniyoyin soja a birnin San Fitasbag, ya gama, ya ɗan taɓa aikin, ya ajiye a 1844 ya ce shi rubutu zai yi. Littafinsa na farko, Talakawa, ya fito a 1846, kuma babban mai sharhin adabi na lokacin, Belinski, ya yaba shi sama da ƙasa. Yaro ɗan shekara 24 kansa ya kumbura. Na biyun da ya fitar a shekarar bai karɓu ba, waɗanda suka ɗaga shi jiya suka koma yi masa dariya.

A wannan hali ne ya fara zuwa wani zama da ake yi duk ranar Juma'a a gidan wani mutum mai suna Petrashevski. Ana karanta littattafan da gwamnati ta hana, ana tattauna batun manoman Rasha, waɗanda a lokacin tamkar bayi suke, ana sayar da su tare da gonar da suke nomawa. Sarki Nikolas na Ɗaya ya ga guguwar juyin juya halin da ta taso a Turai a 1848, ya tsorata. Akwai ɗan leƙen asiri a cikin zaman. A watan Afrilu na 1849 aka kwashe su. Babban laifin da aka ɗora wa Dostoyevski shi ne ya karanta wa jama'a wata wasiƙa da aka haramta, wadda Belinski ya rubuta wa marubuci Gogol. Ya yi wata takwas a kulle.

Ranar 22 ga Disamba, 1849, bisa tsohuwar kalandar Rasha, da sanyin safiya aka fito da su zuwa filin faretin Semyonov. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Aka karanta musu hukunci ɗaya bayan ɗaya: kisa ta hanyar harbi. Aka sa musu fararen riguna, wato likkafaninsu ke nan. Limamin coci ya zo da gicciye suka sumbata. An kafa turaku uku, aka ɗaure mutum uku na farko, sojoji suka ɗaga bindigogi suka saita. Dostoyevski yana cikin ukun da ke biye, yana tsaye yana kallo, ya san saura 'yan mintuna. Sai aka buga ganga, aka dakatar, aka karanta cewa sarki ya yi musu afuwa. Ashe tun farko an shirya abin, sarki ya riga ya sassauta hukuncin, so yake kawai su ɗanɗani mutuwa tukuna. Ɗaya daga cikin ukun da aka ɗaure, Grigoriyev, hankalinsa bai sake dawowa daidai ba.

A ranar, da aka mayar da shi ɗakin da yake tsare, ya rubuta wa wansa Mikhail wasiƙa. Ya ce masa bai karaya ba, rayuwa a ko'ina rayuwa ce, a cikinmu take, ba a waje ba. Ya ce idan ya tuna lokacin da ya ɓata a banza zuciyarsa har jini take yi, rai kyauta ce, kowane minti ɗaya da zai iya zama zamani guda na farin ciki. Irin wannan ce masu guntaye ke so, kuma tana da daɗi, ban musa ba. Amma ku ji abin da ya yi da ita bayan kusan shekara 20. A littafinsa Wawa, wanda ya fito a 1868 zuwa 1869, jarumin labarin yana ba wasu 'yan mata labarin wani da aka kai filin harbi. Ya ce mutumin ya ga saura masa minti biyar, sai ya kasa su: biyu na ban kwana da abokai, biyu na tunani a kan kansa, ɗaya na kallon duniya karo na ƙarshe. Yana ta cewa a ransa, da za a mayar mini da raina, da ba zan bar minti ɗaya ya tafi ba tare da na ƙirga shi ba. Aka yi masa afuwa. Sai ɗaya daga cikin 'yan matan ta tambaya: to da aka ba shi, ya rayu hakan? Aka ce mata ina! Shi da bakinsa ya faɗa, bai rayu haka ba ko kaɗan, ya yi asarar mintuna masu ɗimbin yawa.

Wannan amsar ce ta sa nake girmama shi. Mu mukan ce wuya makaranta ce, muna magana kamar duk wanda ya shiga sai ya fito da shaidar kammalawa. Shi ya shiga, ya ga mutuwa ido da ido, ya ɗauki alkawari, ya karya, kuma ya rubuta cewa ya karya.

An yanke masa shekara 4 na aiki mai tsanani a Saiberiya, sannan ya shiga soja a matsayin kurtu. Daren jajibirin Kirsimeti aka sa masa mari a ƙafa, aka ɗora shi a keken da dawaki ke ja a kan ƙanƙara, suka yi makonni a hanya. A garin Tobolsk wasu mata suka zo wurinsu, matan da suka biyo mazajensu da aka kora bayan tawayen Disamba na 1825. Suka ba shi Linjila, da kuɗi rubul 10 ɓoye a cikin bangonta. Shi ne kaɗai littafin da aka yarda fursuna ya riƙe, kuma yana tare da shi har ranar da ya mutu.

Kurkukun yana Omsk. Ya kwatanta wa wansa wurin bayan ya fito: ginin katako ne da ya ruɓe, datti ya yi kauri a daɓe har mutum na zamewa, ga ƙuma, ga kwarkwata, ga kyankyasai, ana kulle su tun magariba da baho guda na biyan bukata har gari ya waye. Amma abin da ya fi ci masa rai daban ne. Shi fa don manoman nan ya shiga wannan masifa, a zatonsa shi mai ƙaunar talaka ne. Ya iske talakan ba ya son ganinsa. Suna kallonsa a matsayin ɗan manya, irin waɗanda suka sha jininsu. Suna ce wa ire-irensa masu bakin ƙarfe, kun gama tsattsage mu, jiya ku ne iyayengiji, yau ga ku ƙasa da kowa. Shekara huɗu bai taɓa samun minti ɗaya shi kaɗai ba.

Abin da ya gani ya zuba shi a littafin Gidan Matattu, wanda aka buga kashi-kashi daga 1860 zuwa 1862. Ya laƙaba labarin a bakin wani ƙagaggen fursuna, amma kowa ya san idonsa ne. Tolstoy, wani babban marubucin Rasha wanda bai cika yabon kowa ba, ya ɗauki littafin nan a cikin mafi kyawun abin da aka rubuta da harshen Rasha, duk da su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

Akwai inda aka tura fursunoni bakin kogin Irtish su farfasa wani tsohon jirgin ruwa na katako. Suka yi ta jan jiki, suna gardama, suna ɓata katakon. Da aka gaji aka yanka musu iyakar aikin ranar, aka ce in kun gama ku koma bariki, sai ga su sun zama wasu mutane, gatura na tashi, suka gama tun lokaci bai cika ba. Duk wanda ya taɓa sa lebura aikin yini ya kuma sa shi aikin jinga ya san wannan. Shi kuwa abin da ya ciro shi ne: in kana so ka hallaka mutum gaba ɗaya, ba sai ka doke shi ba, ka sa shi aikin da ba shi da ma'ana, ya riƙa juye ruwa daga wannan baho zuwa wancan yana mayarwa. Ya ce cikin 'yan kwanaki zai rataye kansa ko ya aikata ta'asa don ya tsira daga wulaƙancin. Ga wanda kotu ta gama da shi, an aske masa rabin kai, wani ma an yi masa tambari a goshi, amma har yanzu yana bukatar aikin hannunsa ya zama yana da kai da gindi.

Sai wani fursuna, Petrov, wanda kowa ke tsoro don an san zai iya kisa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan mutum ya liƙe wa mai ba da labarin, yana zuwa yana yi masa tambayoyi a kan Napoliyon na Faransa da mutanen da ke can ɗaya gefen duniya, a gidan wanka har ƙafa ya wanke masa. Wata rana mai labarin ya ba shi Baibul ɗinsa ya kai masa wani wuri, a hanya sha'awar giya ta kama shi, ya sayar, ya sha. Da yamma shi da kansa ya zo ya faɗa, ba kunya ba nadama, kamar yana ba da labarin an yi ruwa. Ya saurari faɗan da aka yi masa da haƙuri, kamar babba na sauraron yaro. Kuma ƙaunar tana nan ba ta ragu ba. To a wane layi za ku sa shi, na ɓarayi ko na masoya?

Akwai Musulmi a barikin, mutanen tsaunukan Kaukasus. Ya ambaci wani Nurra, ƙaƙƙarfa, wanda bai taɓa satar ko allura ba duk zamansa, yana tsare sallarsa da azuminsa, in ya ga ƙazantar da sauran ke yi sai ya kau da kai cikin fushi. Ya ambaci wani saurayi, Aley, ɗan Dagestan, wanda yayyensa suka ce ya hau doki ya bi su, bai tambayi ina za a ba don girman da yake ba su, ashe fashi za su. Yaron nan ya zauna cikin 'yan ta'adda shekaru bai lalace ba. Mai labarin ya koya masa karatun Rashanci da Linjilar nan cikin 'yan makonni, kuma ya ce haɗuwa da shi na cikin mafi alherin abin da ya same shi a rayuwa. Ba mamaki, da Dostoyevski ya fito a 1854, cikin littattafan da ya roƙi wansa ya aiko masa akwai Alƙur'ani, tare da littattafan masana falsafar Jamus, Kant da Hegel.

Yanzu ga wanda na fi so ku riƙe. A barikin akwai wani ɗan manya da aka ɗaure shekara 20 bisa laifin kashe mahaifinsa don ya ci gado. An tsinci gawar tsohon a magudanar ruwa, an datse kan. Yaron dama ɗan sharholiya ne, bashi ya yi masa katutu. Bai taɓa amsa laifin ba. A kurkuku kullum cikin raha yake, har wata rana yana yabon lafiyar danginsu ya ce ai mahaifina har ya mutu bai taɓa kukan wani ciwo ba. Mai labarin ya ce da farko zuciyarsa ta ƙi yarda mutum zai iya wannan aiki, amma mutanen garinsu sun kawo hujjojin da ba a iya musawa, sai ya ɗauki rahar nan a matsayin bushewar zuciya irin ta dabba. An buga wannan babi, jama'a sun karanta. Can gaba a littafin, sai ga sanarwa a farkon wani babi: labari ya zo daga Saiberiya cewa mutumin nan ba shi ya yi ba. An kama masu laifin, sun amsa, an sake shi bayan ya sha shekara 10 a banza. Sunansa na gaskiya Ilyinski.

Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To an tambayi fuskar, ta ba da amsa, kuma wanda ya karanta amsar ba ƙaramin mai lura da mutane ba ne, amma ya karanta ba daidai ba. Dariyar da aka ɗauka ta marar imani ce ashe ta wanda bai yi komai ba ce. Abin bai bar ransa ba har ƙarshen rayuwarsa, za mu dawo kansa.

Bayan Omsk ya yi aikin soja a Semipalatinsk, a ƙasar Kazakistan ta yau, ya yi aure a 1857, ciwon farfaɗiya ya kama shi sosai. Sai a ƙarshen 1859 aka bar shi ya koma San Fitasbag. A 1864 matarsa ta rasu, bayan wata uku wansa Mikhail ya rasu ya bar bashi da iyali, ya ɗauka duka ya aza a kansa. Ga kuma caca. Mutumin da ya rantse ba zai ɓata minti ɗaya ba, ya yi shekaru yana zarya a gidajen cacar Jamus. Tsananin matsi ya sa ya sa hannu a wata muguwar yarjejeniya da wani mai buga littattafai, Stellovski: ya kawo sabon littafi kafin 1 ga Nuwamba, 1866, in ya kasa, mutumin zai riƙa buga duk abin da ya rubuta har shekara 9 ba tare da biyan ko kwabo ba. Saura wata guda bai rubuta layi ɗaya ba. Aka samo masa wata yarinya 'yar shekara 20, Anna Snitkina, da ta koyi rubutun gaggawa. Yana faɗa tana ɗauka, cikin kwana 26 suka gama littafin Ɗan Caca. Ranar kai wa, Stellovski ya bar gari da gangan, sai aka kai rubutun caji ofis aka karɓi rasit. A farkon 1867 ya aure ta.

Kada ku ce daga nan ya shiryu. Mutumin da ya rubuta littafi guda yana feɗe cutar caca daga kai har wutsiya, da amaryar suka tafi Turai ya jinginar da 'yan kunnenta, ya jinginar da zoben aure, har da rigar sanyinsa. Ya rubuto mata yana kuka, aiko mini kuɗin jirgin ƙasa, wannan ne na ƙarshe. Ta aika, ya kai teburin caca. Sai a 1871 ya daina, kuma bai koma ba. Wanda ya gan shi a 1868 zai ce hali zanen dutse, wannan ya gama lalacewa. Da an rufe littafinsa a nan, da an yi kuskure irin na Omsk.

Shi ya sa idan ya yi maganar ƙarya, ba ƙaryar da ake yi wa mutane ce ta fi damunsa ba. A littafinsa na ƙarshe, wani dattijon malamin ibada, Zosima, yana ce wa wani tsohon banza: kafin komai, kada ka yi wa kanka ƙarya. Wanda ke yi wa kansa ƙarya yana saurarenta, zai kai inda ba ya iya gane gaskiya a cikinsa ko a kewayensa, daga nan ya daina ganin girman kansa da na kowa. Ya ƙara da cewa irin wannan mutum shi ne ya fi kowa saurin jin an ɓata masa, ya san sarai ba wanda ya taɓa shi, shi ya ƙirƙiri abin, amma yana jin daɗin fushin. Ina ganin wasu suna kallon na kusa da su. Ku kalli gabanku. (dariya)

Mu zo ga Laifi da Hukunci, na 1866. Raskolnikov ɗalibi ne da talauci ya kora daga jami'a, yana kwance a wani ɗaki kamar akwati. Akwai wata tsohuwa mai karɓar jingina tana ba da bashi da ruwa, muguwa. Ya ji wani ɗalibi a mashaya yana cewa, a kashe ta a yi wa mutane alheri da dukiyarta, rai ɗaya a madadin ɗari, ai lissafi ne. Shi ma dama ya rubuta maƙala cewa mutane kashi biyu ne, gama-gari da fitattu irin su Napoliyon, waɗanda suke da ikon tsallake jini in manufarsu ta bukata. Ya ɗauki gatari ya je. Lissafin ya rushe tun a ɗakin, don ƙanwar tsohuwar, Lizaveta, baiwar Allah da ba ta cutar da ko ƙuda, ta shigo, ita ma ya sare ta. Ita ba ta cikin lissafi. Kayan da ya kwasa bai ko ƙirga ba, ya tura ƙarƙashin dutse. Wanda ya ce don ya taimaki ɗari ya yi, bai taimaki ko ɗaya da kuɗin ba. Da ya zo faɗa wa Sonya, wata yarinya da ya shaƙu da ita, sai ya yi ta jero dalilai yana janye su da kansa: don uwata na yi, a'a, don yunwa, a'a, har ya iso ga cewa so yake ya gwada ko shi fitacce ne ko kwarkwata. Kuma ko da aka kai shi Saiberiya da ɗaurin shekara 8, an daɗe bai yi nadama ba, ganinsa laifinsa kawai shi ne ya kasa jurewa. Marubucin bai yi masa tuban gaggawa don ya faranta mana ba.

Shekara uku bayan littafin, a Nuwamban 1869, wani ɗan juyin juya hali, Nechayev, ya sa 'yan ƙungiyarsa suka kashe ɗan'uwansu ɗalibi, Ivanov, a Mosko, suka jefa gawar a tafki. A kan wannan ya gina littafin Shaiɗanu. Yadda ake tara samari a koya musu cewa ran wane ba ya cikin lissafi, mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na ce za mu koma kan Ilyinski. Littafinsa na ƙarshe, 'Ya'yan Karamazov, ya fito a 1879 zuwa 1880. An kashe uba, an kama babban ɗansa Dimitri, ɗan sharholiya mai bashi, wanda ya sha faɗa a bainar jama'a cewa sai ya kashe tsohon. Kowace hujja shi take nunawa. A kotu mai gabatar da ƙara ya tashi ya karanta zuciyar Dimitri dalla-dalla, har ka ce ya shiga ciki ya fito. Lauyan da ke kare shi ya tashi ya ɗauki hujjojin nan dai ya juya su, ya ce ilimin karanta zuciya sanda ce mai baki biyu. Dukansu gwanaye ne, kuma ba wanda ya faɗi ainihin abin da ya faru a daren. Aka ɗaure marar laifi shekara 20. Ku duba, wannan marubucin da duniya ke kira gwanin sanin zuciyar ɗan Adam, shi ne ya zauna ya nuna yadda gwanintar ke kai marar laifi kurkuku.

Yana shirin littafin ne ɗansa Alyosha ya rasu a 1878, yana ɗan kusan shekara 3, da farfaɗiyar da uban ya tabbata daga gare shi ya gada. Ya sa wa jarumin littafin sunan yaron. A ciki wata mata da ɗanta ɗan shekara uku ya mutu ta zo wurin Zosima, tana riƙe da 'yar ɗamarar yaron, ta ce da zan ƙara jin takunsa sau ɗaya a tsakar gida. Dattijon ya fara da yi mata wa'azi, ya ga bai shige ta ba, sai ya ce mata kada ki nemi lallashi, ki yi kukanki, zai daɗe, amma a ƙarshe zai lafa ya zama sanyi. Dostoyevski mai imani ne, Kirista, tun yana yaro labarin Annabi Ayuba ke girgiza shi. Duk da haka hujja mafi kaifi a littafin ya ba wa ɗan da ke jayayya da imani, Ivan, wanda ya tattaro labaran azabtar da ƙananan yara, irin waɗanda marubucin ya tsinta a jaridu da shari'o'in zamaninsa. Har ya kai ga labarin wani janar da ya sakar wa yaro ɗan shekara takwas karnuka a gaban uwarsa, ya tambayi ƙaninsa mai ibada, me ya dace da janar ɗin? Salihin nan ya ce a harbe shi. Shi ma akwai wannan a cikinsa. Dostoyevski ya rasu a farkon 1881 yana da shekara 59, 'yan watanni bayan kammala littafin, dubban mutane suka raka gawarsa.

Shugaba ya nuna mini agogo. A karɓi tambaya ɗaya. Bismillah, 'yata.

Tambaya: Malam, yadda ka kwatanta shi kamar bai taɓa yi wa kowa kuɗin goro ba. Shin haka ne?

A'a 'yata, ya yi, kuma mummuna. A shekarun 1870 yana fitar da wata mujalla shi kaɗai, Kundin Marubuci, inda yake magana da bakinsa, ba ta bakin mutanen labari ba. A ciki ya rubuta maganganun ƙiyayya ga Yahudawa a jimlace, har wasu masu karatunsa Yahudawa suka rubuto masa suna ƙorafi. Ya yi ta zuga yaƙin da Rasha ta yi da Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1877, yana cewa birnin Istanbul dole wata rana ya zama nasu. Mutanen Folan kuwa, a littattafansa da wuya ki ga ya fito da su da mutunci, alhali ya zauna da wasunsu a Omsk, su ma fursunonin siyasa ne kamarsa. Mutumin da ya ga Aley ɗaya ya gane shi har zuci, da ya zo maganar al'umma guda sai ya yi mata jimla. In kina so ki ga bambancin da idonki, ki fara da Gidan Matattu, bai kai manyan littattafansa tsawo ba, sannan ki nemi abin da ya rubuta a mujallar a 1877 ki ajiye su gefe da gefe.

Ga kiran sallah can an fara. Mu tsaya nan. Wassalamu alaikum.